Naman kazan gidan gara: yadda kimiyya ta tantance shi daga mai guba

Idan damina ta zauna a ƙasar Keffi da ke Jihar Nasarawa, akan wayi gari bayan ruwan dare a tarar da naman kaza ya tsattsago a gefen gonaki, da gindin itatuwa, da kan juji, da kusa da suri. Mazauna Yara da sauran unguwannin garin, musamman masu noma a bayan gari, sun saba ganinsa. Wasu na tsinka su kai gida a sa a miya, wasu kuwa ko da hannu ba sa taɓa shi, domin sun tashi da gargaɗin iyaye cewa yana kisa.

Kowane ɓangare yana da hujja. A cikin abin da Hausa ta haɗa ta kira naman kaza ko laimar kwaɗi, akwai wanda mutanen ƙasashe da dama ke ɗauka a matsayin abincin alfarma, akwai mai sa amai da gudawa na kwana biyu, akwai kuma mai lalata hanta har ya kai mutum kushewa. Suna ɗaya ne ya rufe su duka, kuma a nan haɗarin yake. Aikin masu rarraba halittu shi ne su ba kowane iri sunansa shi kaɗai, tare da siffofin da za a gane shi da su. Daga cikin waɗanda ake ci a Najeriya, kaɗan ne suka kai wanda ke fitowa daga gidan gara daraja, wato wanda masana suka raɗa wa suna Termitomyces.

Ba tsiro ba ne

Abu na farko da kimiyya ta gyara shi ne ɗaukar naman kaza a matsayin tsiro. Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu a littafin da ya wallafa a 1753, shi kansa cikin tsirrai ya jefa shi. Haka aka ci gaba da koyarwa fiye da shekara 200, har zuwa 1969 da Robert Whittaker na Amurka ya fito da tsarin da ya ware masa masarauta tasa daban, mai suna Fungi.

Dalilin ware shi a fili yake. Tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana ta hanyar koren sinadarin da ke ganyensa. Naman kaza ba shi da wannan sinadari, sai dai ya narkar da abin da ya mutu ko ya ruɓe ya tsotse. Bangon ƙwayoyin jikinsa ma an gina shi ne da irin abin da ke cikin ɓawon fara da ƙaguwa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. 'Yan uwansa na jini su ne funfunar da ke kama burodi ko tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da ke kumbura fanke, da abin da ke haddasa makero da ƙyasfi a fatar mutum.

Abin da ido ke gani a bisa ƙasa, mai hula da ƙafa, ɗan ɓangare ne kawai na halittar. Ainihin jikin wasu siraran zaruruwa ne farare da ke saƙe a cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace. Hular tana fitowa ne na 'yan kwanaki don ta watsa irinta, wata ƙura mai laushi da ke zubowa daga shara-sharan layukan da ke ƙarƙashinta. Zuwa yau masana sun ba kimanin nau'i 150,000 na wannan masarauta suna, alhali ƙiyasinsu ya nuna cewa waɗanda ke duniya sun haura miliyan 2.

Adireshi mai hawa bakwai

Rarraba halittu ya yi kama da rubuta adireshi. Mai aika wasiƙa zuwa Yara zai fara da Najeriya, ya gangaro Jihar Nasarawa, sannan Ƙaramar Hukumar Keffi, sannan mazaɓar Yara, kafin ya kai ga layi da gida da sunan mutum. Kowane mataki yana rage yawan waɗanda ake nufi har a tsaya kan guda.

Haka adireshin naman kazan gidan gara yake. Masarautarsa Fungi. A ƙarƙashinta yana cikin babban reshen Basidiomycota, wato masu ɗaukar irinsu a kan wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu siffar kulki waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Ajinsa Agaricomycetes, sahunsa Agaricales, inda mafi yawan masu hula da layuka a ƙarƙashi suke. Danginsa Lyophyllaceae. Gidansa Termitomyces. Mataki na bakwai shi ne nau'i, kuma wanda aka fi yin rubutu a kansa a Najeriya shi ne Termitomyces robustus.

Sunan gidan ya ƙunshi kalma biyu: ta farko daga kalmar Latin mai nufin gara, ta biyu daga kalmar Girka mai nufin naman kaza. Roger Heim, masanin ƙasar Faransa wanda daga baya ya shugabanci gidan adana tarihin halittu na birnin Paris, shi ya ƙirƙiro sunan a 1942, bayan ya yi nazarin gidajen gara a Afirka ta Yamma. Kafin shi, an warwatsa waɗannan nau'o'i a gidaje daban-daban, kowane masani yana ajiye su inda kamanninsu suka ja shi. Shi robustus ɗin, Maurice Beeli na Beljiyam ne ya fara bayyana shi a 1927 daga samfurin da aka tsinko a Kwango, a ƙarƙashin sunan Schulzeria robusta, sai Heim ya mayar da shi gidan Termitomyces a 1951. Shi ya sa a littattafan masana ake rubuta sunan Beeli da na Heim a jere bayan sunan nau'in, domin a san wanda ya fara raɗa suna da wanda ya sauya masa gida. Kalmar robustus kuwa ma'anarta ƙaƙƙarfa, saboda kaurin jikinsa.

Ko dangin ma bai tsaya wuri guda ba. An taɓa sa Termitomyces a cikin Tricholomataceae, an taɓa ware masa dangi nasa shi kaɗai, kafin gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da shi a Lyophyllaceae. Irin wannan gwaji ne ya warware wata tsohuwar gardama a kan ƙaramin cikinsu, Termitomyces microcarpus, wanda aka fara bayyanawa daga Siri Lanka a 1871. Saboda ya bambanta da 'yan uwansa a siffa, wasu masana sun ware shi a wani gida mai suna Podabrella, sai binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa ɗan gida ne. Nau'o'in da aka bayyana a gidan yanzu sun haura 40, duka a Afirka da kudancin Asiya.

Ba kullum harsunan Turai ke ba da suna ba. Itacen doka, wanda ya mamaye dazuzzukan tsakiyar Najeriya, sunansa na kimiyya Isoberlinia doka, kuma kalmar ta biyu Hausa ce tsantsa da masana suka ara.

Gonar da ke ƙarƙashin ƙasa

Abin da ya haɗa dukan 'yan gidan Termitomyces, ya kuma raba su da kowane naman kaza, shi ne cewa gara ce ke noma su. Wani rukuni na gara da ake kira Macrotermitinae, mai nau'i fiye da 300, ya dogara kacokan a kan wannan noma. Ma'aikatan gara sukan fita su yagi busasshiyar ciyawa da kara da itace su haɗiye. Abin ba ya daɗewa a cikinsu, sai su fitar da shi su gina wata saƙa mai ramuka, kamar saƙar zuma, a ɗakunan da ke can cikin gida. A kan wannan saƙa zaruruwan naman kazan ke yaɗuwa, suna narkar da taurin itacen da hanjin gara ba zai iya narkarwa shi kaɗai ba. Gara sai ta riƙa cin wasu fararen ƙwallaye ƙanana da ke tsirowa a kan saƙar, daga baya ta cinye tsohuwar saƙar da ta nuna, tana ɗora sabuwa a sama.

Kowa ya samu abin da yake so. Gara ta samu abinci, shi kuma ya samu ɗaki mai danshi wanda zafinsa ba ya hawa ba ya sauka. Binciken da aka yi a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa ya nuna cewa zafin cikin gidan gara nau'in Macrotermes bellicosus yakan tsaya a wajen digiri 30, ko da rana ta ƙwalle ko sanyin hunturu ya sauko. Wannan ita ce garar da ke gina dogayen surin jar ƙasa da matafiyi ke hange a dazuzzukan tsakiyar ƙasar nan, kuma Henry Smeathman ne ya fara bayyana ta ga masanan Ingila a 1781, bayan zaman da ya yi a Saliyo.

Wannan noma ya girmi na ɗan Adam nesa ba kusa ba. A 2016 masu bincike sun bayyana burbushin irin wannan saƙa da suka tono a yankin Rukwa na Tanzaniya, mai shekara kimanin miliyan 25. Nazarin ƙwayoyin gado da Duur Aanen da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya nuna cewa sau ɗaya tak gara ta fara wannan noma a tarihi, kuma tun daga lokacin ba ta koma baya ba. Bincike na gaba ya nuna cewa a dazuzzukan Afirka masu yawan ruwa aka fara, daga nan ya bazu zuwa ƙasashen ciyawa da kuma Asiya.

Najeriya na da nata kason a wannan ilimi. A shekarun 1970 an gudanar da bincike mai zurfi kan gara a Mokwa da ke Jihar Neja, wadda ciyayinta da daminarta suka yi kama da na Keffi. Rahoton N. M. Collins na 1981 ya nuna cewa gara na cinye kusan rubu'in busasshen itace da ganyen da ke zuba a dajin kowace shekara, kuma masu noman naman kaza ne ke da kaso mafi tsoka a aikin. A shekarar dai, R. A. Johnson da abokan aikinsa sun gano yadda sabon gida ke samun irin shuka. A mafi yawan nau'o'in, ma'aikatan farko ne ke tsinto ƙurar iri daga waje, wadda hulunan da suka fito da damina suka watsa. Amma a Macrotermes bellicosus da ƙananan gara na gidan Microtermes, shingen da ke tashi bayan ruwa shi ke ɗauke da irin a cikinsa zuwa inda zai kafa sabon gida. Masana sun lura cewa ba kasafai ake ganin hula ta fito daga gidajen waɗannan ba. Ke nan mai neman naman kaza ba lallai ya same shi a kan suri mafi tsayi ba. Sau da yawa yakan ɓullo ne a fili, a inda gidan garar ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa.

Alamomin da ake dubawa

Tarihin rayuwarsa a rubuce yake a jikinsa. Tun da daga saƙar da ke can ƙasa yake tasowa, dole ya huda ƙasa mai tauri kafin ya ga rana. Shi ya sa tsakiyar hularsa ke da wani tsini ko tudu mai tauri, wanda da shi yake huda hanya. Ƙafarsa kuma ba ta ƙarewa a bisa ƙasa: tana zarcewa ƙasa kamar doguwar saiwa, tana sirancewa, har ta kai ga saƙar gara. Masana na kiran wannan saiwar ƙarya, domin ba ta shan ruwa kamar ta tsiro. A wasu nau'o'in tsawonta kan kai kamu biyu ko fiye.

Termitomyces robustus yana da hula mai launin ƙasa-ƙasa, mai tamoji da zane-zane daga tsakiya zuwa baki, faɗinta kan kai santimita 20. Ƙafarsa cike take ba rami, ba ta da zobe, saiwar ƙaryarsa kuma mai duhu ce. Termitomyces letestui yana da zobe a ƙafa. Shi kuwa microcarpus, wanda hularsa ba ta wuce faɗin kwabo ba, yakan fito ɗaruruwa a wuri guda a kan ɓarɓashin saƙar da gara ta fitar waje, don haka yawanci ba shi da doguwar saiwa. Babban yayansu yana Zambiya: Termitomyces titanicus, wanda David Pegler da Graham Piearce suka bayyana a 1980, hularsa kan kai mita ɗaya a faɗi. Abin mamaki, mutanen ƙasar sun daɗe suna sayar da shi a bakin hanya kafin kimiyya ta ba shi suna.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da masana ke yi. Akan yanke hular a kifa ta a kan farar takarda, a rufe da kwano na wasu awoyi. Ƙurar irin da ta zuba za ta bar zane. Ta Termitomyces fara ce mai ɗan jaja-jaja. Idan zanen ya fito kore-kore, to wannan Chlorophyllum molybdites ne, wanda ke fitowa a filayen ciyawa da wuraren da dabbobi ke kiwo, mai faffaɗar farar hula da zobe, kyakkyawa a ido, kuma yana cikin waɗanda suka fi jefa mutane cikin amai da gudawa a ƙasashe masu zafi. Yana ƙarami layukansa farare ne, sai ya manyanta suke komawa kore, shi ya sa yake ruɗar mai tsinka.

Wanda ya fi shi haɗari yana cikin gidan Amanita. 'Yan wannan gida suna zama tare da saiwar itatuwa irin su doka, kuma babbar alamarsu wata jaka ce ko kumburi a gindin ƙafa, wanda sau da yawa ƙasa ke rufewa. Wanda ya fizge naman kaza daga sama ya bar gindin a ƙasa ya zubar da shaidar da ta fi kowace muhimmanci: ko doguwar saiwar da ke nuna gidan gara, ko jakar da ke nuna Amanita. Don haka ƙwararru ke tono shi gaba ɗaya. Sai dai sunan gida ma bai wadatar ba, domin Amanita loosii abinci ne a Zambiya da Kwango, alhali ɗan gidansu Amanita phalloides, ɗan asalin Turai, shi ne ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Sai an kai ga mataki na bakwai ake samun tabbaci.

Gubar irin wannan Amanita tana da yaudara. Mutum zai ci ya kwana lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ciki da amai da gudawa su taso. Daga nan yakan ji sauƙi na yini ɗaya ko biyu har iyali su ɗauka ya warke, alhali hanta na lalacewa. Dafuwa ba ta kashe gubar, shanya ma haka. Camfe-camfen da ake yi, cewa mai guba yana baƙanta cokalin azurfa, ko cewa duk wanda ƙwari ko kaji suka ci mutum ma zai iya ci, ba su da tushe. Shan nono ko manja ba ya karya ta. Abin da likitoci ke so shi ne a kai duk wanda ya ci tare da marar lafiyar asibiti ba da jinkiri ba, ko da bai fara jin komai ba, a kuma riƙo ragowar naman kazan ko miyar. Ga mazauna Keffi, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya tana cikin garin.

Sanin gargajiya da abin da ba ya nomuwa

Kimiyya ba ita ta fara tantance naman kaza a Najeriya ba. B. A. Oso na Jami'ar Ibadan ya wallafa nazari a 1975 kan sanin da Yarabawa ke da shi, inda ya nuna cewa suna da suna daban ga nau'o'i da dama: robustus suna ce masa ewe, microcarpus kuma olu-oran. Al'ummar da ke cin abu ita ke ƙirƙira masa sunaye. A garin da ya tara Hausawa da Fulani da Gwandara da Eggon da Mada da Gbagyi kamar Keffi, wanda ya gaji sanin daga iyayensa da wanda bai gada ba suna cin kasuwa ɗaya, kuma mai kwaikwayon abin da ya ga maƙwabci na tsinka, ba tare da an nuna masa alamomin ba, shi ya fi shiga haɗari.

Darajarsa a tukunya ba ƙarama ba ce. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyensa ruwa ne, amma idan aka shanya shi, sinadarin gina jiki kan haura kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ga sinadaran ƙarfe da na bitamin. Yana kuma zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2004 kan naman kazan daji, ta lissafa fiye da nau'i 1,000 da ake amfani da su a ƙasashe sama da 80, ta kuma ambaci Termitomyces cikin masu muhimmanci a Afirka.

Duk da haka ba a sayar da irinsa a shago. Naman kazan da ake nomawa a Najeriya, galibi na gidan Pleurotus, yana tsirowa a kan garin katako ko ƙaiƙayi a cikin leda, kuma Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Legas na koyar da nomansa. Termitomyces kuwa, zaruruwansa na yaɗuwa a ɗakin gwaji, amma har yanzu ba a samu hanyar sa shi ya fitar da hula don kasuwa ba tare da gara ba. A lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda ake sayensa da tsada, akwai wani da ake nomawa ana tallarsa da sunan baƙin naman kazan gara, alhali gwaji ya nuna ɗan wani gida ne daban, babu abin da ya haɗa shi da gara.

Ke nan yawansa ya rataya ne a kan yawan gidajen gara, kuma a idon manomi gara abokiyar gaba ce. Tana cin masara da gyaɗa da rake, tana cin azarar ɗaki da gindin rumbu, don haka ba a ga laifin wanda ya rushe suri ko ya zuba masa magani ba. Sai dai binciken da aka yi a gonakin arewa ya fi ɗora laifin ɓarnar amfanin gona a kan ƙananan gara na gidan Microtermes, masu zama a warwatse a cikin ƙasa, waɗanda rushe suri ba ya taɓa su. A gefe guda, sare itatuwa don gawayi da ƙone daji na rage abin da gara ke kai wa gonarta, sannan gine-ginen da ke bin hanyar Abuja zuwa Keffi, mai nisan kimanin kilomita 50, suna cinye filayen da a da daji ne.

Tun 2012 masana suka amince da wani ɗan yanki na ƙwayoyin gado a matsayin hatimin gane nau'in kowane ɗan masarautar Fungi, kuma amfani da shi ya nuna cewa a cikin gidajen gara na Afirka akwai nau'o'in Termitomyces da ba su dace da ko ɗaya daga cikin sunayen da ake da su ba. Samfurin da ake buƙata don wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma ɗalibin sashen nazarin halittu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi zai iya haɗa shi: a tono naman kazan har saiwarsa, a ɗauki hotonsa yana ɗanye, a rubuta rana da wuri da sunan da mutanen wurin ke kiransa, a ɗebi 'yan sojojin garar da ke gindinsa a sa a kwalba da sinadarin adanawa, sannan a busar da shi a zafi marar tsanani har ya yi ƙayau, a rufe a leda.